Shaida a Cikin Kula

A wani ofishin gwamnati mai ba da kwangila a ƙasar Turawa, Josiah na zaman jira, amma hankalinsa na kan wata dattijuwa da ke tsaye gaban teburin ma'aikaci. Gajeriya ce, mayafinta na zamewa tana tare shi da haɓa, don hannuwanta na rungume da kular abinci. Bayan hannunta duk tabon ƙunar mai ne. Hausar zangon Ghana take yi, ɗiyarta na juyawa zuwa Turanci tana rage wa maganar yaji.

Yadda Josiah ya fahimta, kwangilar abincin wani taro ta nema, aka ba wani kamfani, wai ya fi ta iya girki.

"Wa ya ɗanɗana nawa?" in ji ta. Ta buɗe kular, ƙamshin shinkafa da wake ya cika ɗakin. "Ki ce masa ya kira masu ba da makin su ci."

Ma'aikacin ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Doka, in ji shi, ta hana su karɓar kyauta daga 'yan kwangila.

"Kyauta? Shaida na kawo, ba toshiyar baki ba."

Josiah ya ja tsaki. Ƙila tun asuba take kan murhu, a wani ƙaramin kicin a unguwar Glenwood. Ma'aikacin na haɗiyar yawu yana bayanin yadda ake shigar da ƙorafi ta intanet.

Ta rufe kular a hankali. "To, Fauzia, tambaye shi ta ina ake zuba wa kwamfutar miya."