Ɗurin da Baba Ya Yi a Damagaram

Ni tela ce, abin da na sani a harkar ƙarfe bai wuce keken ɗinki da almakashi ba. Amma akwai shekarar da na zama mai jinyar bindiga a gidanmu na unguwar Karantina a Jidda, kuma ba wanda ya sa ni, ni na sa kaina.

Bindigar ta Baba ce. 'Yar guntuwa ce ta hannu, irin ta mutanen da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, ƙotarta ta itace ta yi baƙi saboda riƙo. Da ita Baba ya baro Damagaram a ƙafa yana saurayi, ya ratsa Cadi da Sudan, ya tsallako teku. Ya sauke farali, sai ya ce bari ya ɗan huta a Jidda kafin ya juya. A cikin hutun nan aka haife ni, aka haifi ƙanena, aka binne mahaifiyarmu.

A akwatin ƙarfe yake ajiye ta, a kan wata shuɗiyar babbar riga da bai taɓa sawa ba. Rigar komawa yake ce mata. Tun muna yara yake faɗa mana, ranar da ya isa ƙofar gidansu zai sa rigar nan, ya ɗaga bindigar sama ya harba sau ɗaya, duk unguwa ta san ya dawo, haka matafiyan garinsu suke yi. Mu kuwa dariya muke yi. Mutumin da ko Ɗa'if, garin da ke nan kusa da Jidda, bai taɓa zuwa ba.

Da idanunsa suka mutu, sai bindigar ta bar akwati ta koma cinyarsa. Yana zaune a tabarma yana shafa ta kamar mage. Hankalinsa ma ya fara yawo, wani lokaci yana Karantina tare da mu, wani lokaci yana can bakin wata rijiya a Sudan.

Wata ranar da hantsi na shigo masa da kunu, ƙafata ta bugi ƙyauren kwano. Kafin in yi sallama na ji ƙaras, ya ja kan bindigar baya, bakinta yana kallon ƙirjina.

"Wane ne? Kada ka matso kusa da raƙumin nan!"

"Ni ce, Baba."

"Au, Uwata ce." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya sauke hannu, ya karɓi kununsa ya sha kamar ba abin da ya faru.

Da ƙanena ya dawo daga tashar jirgin ruwa inda yake dako, na gaya masa. Shi haifaffen nan ne har a harshe.

"Yaya, wallahi hadi mushkila. In shurɗa, 'yan sandan nan, suka shigo suka ga makami, mu duka jirgi za a sa mu, da takardar iƙama da babu. Ki ba ni ita in jefa a teku, halas."

Na ce ba za a jefa ba. Mutum ya rasa ido, ya rasa mata, ya rasa gari, abu ɗaya ya rage a hannunsa, shi ma a fizge? Na san Baba, in aka raba shi da ita ba zai kai watan gobe ba. Amma kuma na san ba zan ƙara shiga ɗakin nan ina kalmar shahada ba. Na ce wa ƙanena ya bar ni da ita.

Na fara da abin da na iya. Iskar Jidda gishiri ce zalla, ta sa ƙarfen ya yi jajawur da tsatsa. Na lallashi Baba ya ba ni ita in goge, na samo toka da lemon tsami, yadda muke wanke farantin shayi. Na maƙale ta a tsakanin gwiwoyina, bakinta a cikina, na dirje gefe ɗaya har ya yi ƙyalli. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Washegari wurin ya yi tsatsar da ta fi ta jiya.

Akwai wani tsohon maƙeri a unguwar Sa'alaba, mutumin Zandar ne shi ma, abokin Baba, Kawu muke ce masa. A gida bindigogin mafarauta yake ƙerawa, a nan kuma ya ƙare a gyaran baro da ƙofofi. Ban yi gangancin ɗaukar ta a titi ba, ni na je na same shi. Da na ba shi labarin toka da lemo ya yi tsaki. Da na nuna masa yadda na riƙe ta, sai ya ajiye gudumarsa.

"Inna lillahi. Ɗiyata, wa ya gaya miki babu komi cikinta?"

"Kawu, abin da ya fi shekara arba'in?"

"Albarushi ba shi tsufa. Mu muke tsufa."

Ya zo gida bayan azahar, lokacin da Baba yake ƙailula. Kafin ya bari in taɓa ta sai da ya sa na cika bokiti da yashi. Ya ce daga yau bakinta wurin yashin nan kawai zai kalla, ko da na rantse da Alƙur'ani babu komai a ciki, kuma yatsana ba shi da hurumi a kan kunama, wato ɗan ƙarfen da ake ja ta tashi. Ya kwance ɗan dutsen da ke kanta mai ba da wuta, ya sa a aljihu. Sannan ya ba ni siririn kara, ya ce in zura ta baki har ya tsaya, in yi alama da farce, in zaro in gwada a jikinta ta waje. Na gwada. Karan bai kai ƙarshe ba, ya rage kusan yatsa uku.

"A ɗure take," in ji Kawu.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na tuna kunun nan, na tuna cikina da na jingina mata jiya-jiyan nan. Bayan tsoro kuma sai na gane wani abu. Ashe duk shekarun da muke dariya, Baba da gaske yake yi. Ya ɗura ta a ƙofar gidansu, yana jiran ya koma ya sauke.

Hannun Kawu rawa yake yi saboda tsufa, ba zai iya aikin ba. Ya ce a nemo wani. Na ce wa za a nemo, a Karantina da magana take riga mai ita isa bakin titi? Na ce ya faɗa, ni in yi.

Kwana uku muka yi. Ranar farko man kekena kawai na tsiyaya mata, aka jingine ta cikin yashi ya jiƙa abin da ke ciki. Na ce wa Baba tana shan magani, ya yi ta mita, ya ƙi cin tuwo. Rana ta biyu Kawu ya kawo wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen kai da ya ƙera. Na murɗa, na ja, ya suɓuce. Na sake, ya suɓuce. Tafin hannuna ya yi kanta, gumi yana shiga idona, Kawu yana gefe yana ta "a hankali, kauce da fuskarki". Na yi fushi da shi, na yi fushi da bindigar, na yi fushi da Damagaram da ban taɓa gani ba. A rana ta uku abin ya motsa. Tsumma ya fara fitowa, ɗan ƙyallen saƙi da ya ruɓe, sai dunƙulen darma kamar ƙwallon magarya, sai baƙin gari.

Kawu ya tsinci garin da man bai taɓa ba daga can ƙasa, ya zuba a murfin gwangwani a tsakar gida, ya jefa ashana daga nesa. Fuu! Hayaƙi ya tashi har kan katanga.

Daga nan Kawu ya koya mini sauran. Ba toka, ba lemo, ba ƙyalli. Tsumma mai laushi da ɗigon mai, a bar mata baƙinta, shi ne rigarta. A raba ta da ƙasa da jikin bango, don laima.

Ƙanena ya ce a mayar wa Baba kawai ba sai an gaya masa ba, ai ba ya gani. Na kwana biyu ina juya maganar, na ga ba zan iya ba. Na yi wa bindigarsa abin da na ga dama, ba zan kuma bar shi yana rungume da ƙarya ba.

Ranar Alhamis da safe na durƙusa gabansa, na ɗora masa bindigar a cinya, na buɗe tafinsa na sa darmar. Ya murza ta da yatsu. Ya daɗe yana murzawa.

"Ni na narka wannan," ya ce. "Inna tana riƙe mini fitila." Ya ɗago kai. "Wa ya fitar?"

"Ni ce, Baba. Ka kusa harbi na."

"Ke?"

"Ni."

Hannunsa ya lalubo fuskata, ya bi goshina da kumatuna, kamar yana duba ko da rauni. Hawayensa suna bin gemu. Rannan hankalinsa yana nan garau, kuma wallahi na so a ce ba ya nan.

"Uwata, ba za mu koma ba ke nan?"

Na daure na ce, "Ba za mu koma ba, Baba."

Ya sa darmar a aljihu, ya juya fuska bango, ya wuni a haka. Na koma kan kekena, ina ɗinki ina warwarewa, ina jin na kashe shi da hannuna.

Washegari Juma'a, ina hura wuta ya kira ni.

"Buɗe akwatin nan ki fito da rigar. Ki yi mata turare."

Na fito da ita, duk ta yi layin ninki, asu ya ɗan taɓa wuyanta. Na zura masa, ta yi masa yawa, don an ɗinka ta ne wa saurayi mai faɗin kafaɗa. Ya miƙo mini bindigar ya ce in ajiye, ya kama hannun ƙanena suka nufi masallaci. Na tsaya a ƙofa ina kallonsu, shuɗiyar riga tana jan ƙasa a lungun Karantina, maƙwabta suna ta yi masa barka, wani yana tambaya ko tafiya za a yi.

Na ji Baba yana cewa, "A'a, isowa na yi."