Bindigar Yaya a Jakar Babur

Ko da tsufa zai sa in manta ranar da na sauka ƙasar nan, ba na jin akwai abin da zai goge mini ranar sunan ɗiyata ta fari. Shekaru sun ja, yarinyar yanzu ta kawo mini kafaɗa, amma har yau in na ji rurin babban babur ya wuce ta titin Grand Concourse sai gabana ya faɗi, daga nan kuma haushi ya taso mini sabo fil kamar jiya abin ya faru.

Lokacin muna zaune a Mount Hope cikin Bronx, hawa na huɗu, ɗaki ɗaya da falo. Maigidana yana da tebur a Harlem, yana sayar da huluna da tabarau da jakunkunan mata. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai riga ka ba da haƙuri. Yana da girin kad, wato katin zama ƙasa, muna ta jiran lokacin da zai nemi zama ɗan ƙasa. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke zaune can Greensboro a jihar North Carolina, inda yake da shaguna a gidajen mai. Shi ya kawo maigidana daga Maraɗi, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Yaya muke ce masa duka.

Ana gobe suna, da la'asar, na ji wata ƙara ta cika layinmu. Na leƙa ta taga sai ga Yaya a kan wani baƙin babur mai girman bijimi, da jaka ta fata a kowane gefe. Wai tun daga Greensboro ya tuƙo shi, don kawai a gani. Ya hawo sama yana ta fara'a, ya tuɓe rigar fatarsa don ya karɓi jaririya, sai ga ƙaramar bindiga a ƙugunsa cikin kube. Ban san lokacin da na janye yarinyar na rungume ta ba. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce, "Haba amarya, ba ta cizo."

Na shige ɗaki, maza suka zauna a falo. Bangon gidajen Bronx ba ya riƙe magana, don haka duk abin da suka faɗa a kunnena. Akwai Kawu, ƙanin mahaifiyarsu, tsohon direban tasi wanda shi ne babbanmu a nan, sai wasu abokan kasuwar maigidana. Maimakon a ce wa Yaya ya fitar da abin nan daga gidan mai jego, sai aka buɗe muhawara kamar ana gardamar ƙwallo: shin mai babur ya rataya bindiga a fili ya fi, ko ya ɓoye ta?

"Ni a wajenmu a fili nike rataya ta," in ji Yaya. "Doka ta yarda. Tun da ɓarayi suka shigo mini shago ban sake fita babu ita ba. Kuma bisa moto ɓoyewa shirme ne. Iska ta ɗaga maka riga, polis ya hango ta ba zato, shi ke nan ka zama abin tsoro. Wanda ya bar ta a fili kowa ya san ba shi da mugun nufi."

Wani ya ce a'a, wanda ya bar ta a fili ya yi wa ɓarawo talla, a fitilar hanya ma ana iya fizge ta daga baya. Wani ya ce shi da zai samu, cikin takalmi zai sa. Mutanen da ko wuƙar yanka kaza ba su iya riƙewa da kyau, kowa ya zama masani. Kawu ne kaɗai ya faɗi maganar da ke da amfani. Ya ce, "Ku bar wannan surutu. Nan New York ne. A fili ko a ɓoye, duka ɗauri ne. Famit ɗinka na riƙe bindiga na can ba ya aiki nan, ko takardar tsire ta fi shi daraja."

Sai na ji muryar maigidana, ƙasa-ƙasa kamar kullum in yana gaban wansa. "Yaya, don girman Allah kada ta kwana gidan nan. Akwai jinjira." Yaya ya yi tsaki, ya ce an cika tsoro a garin nan, ya ɗauki rigarsa ya sauka. Bai daɗe ba ya dawo, ƙugunsa babu komai. Ya ce, "To, an gama da wannan, na ba wani ajiya. Hankalinku ya kwanta?" Muka yarda da shi. Wa zai ce babban wa ya yi ƙarya a kan abu irin wannan?

Washegari aka raɗa suna a masallaci bayan asuba. Kafin hantsi gida ya cika maƙil, mata har kan matakala, ƙamshin miya da turare ya gauraye ko'ina. Maigidana ya sha farar shadda, ya kafa wata hula da mahaifiyarsa ta aiko masa musamman daga gida, an wanke ta an buge ta ta tsaya cak. Ban taɓa ganin shi da kyau kamar ranar ba. Can sai aka ce goro ya ƙare, ga kuma dattawa na tafe daga Staten Island. A wajenmu ka tari dattijo ranar suna babu goro abin kunya ne da za a daɗe ana faɗi. A Harlem ake samun mai kyau, kuma jirgin ƙasa ranar hutu sai ya ga dama.

Ina tsaye bakin ƙofar ɗaki lokacin da Yaya ya ciro makulli ya jefa wa ƙaninsa a gaban mutane. "Ɗauki moto, ka tuna zamanin da kake kabu-kabu a Maraɗi. Ko ka manta hannu?" Aka yi dariya. Maigidana ya yi murmushi ya cafe. Na leƙa ta taga na ga ya ɗauki hular kwano ya jujjuya ta, ya shafa tasa hular ta kai, sai ya maƙale ta kwanon a hannun babur. Ba ya so ya murƙushe hular uwarsa ranar sunan ɗiyarsa. Ya ɗago ya yi mini alama da hannu cewa yanzu zai dawo.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji shi daga baya. Dab da gadar da ke shiga Harlem 'yan sanda suka tsayar da shi saboda rashin hular kwano. Laifi ne na tara, kuma bai musa ba. Suka ce ya kawo takardun babur. Ya sauka, ya buɗe jakar gefe yana lalube, ya jawo wani tawul da ya tare masa hannu. Tawul ɗin ya warware, bindiga ta faɗo kan kwalta a gaban ƙafar ɗan sanda, cike da harsashi. Ya ce bai ma gane ko mece ce ba sai da ya ji ana daka masa tsawa ya kwanta. Haka ya kwanta rub da ciki a kan titi cikin farar shaddarsa, aka sa masa ankwa, motoci na wucewa ana kallo. Wannan ita ce ajiyar da Yaya ya ce ya ba wani.

Wata mai kitso 'yar garinmu ce ta hango shi daga cikin bas, ta bugo waya. Gidan suna ya koma kamar gidan makoki. Na fito da jaririya a hannu ina tambayar ina Yaya, aka ce ya sauka ya yi waya. Har magariba bai hawo ba. Daga baya muka ji ashe tashar bas ya nufa, ya bar garin ko sallama babu. Mutumin da jiya yake cika baki cewa shi komai nasa a fili yake.

Jama'a suka haɗa hannu aka yi belin maigidana, Allah ya saka musu. Lauyar da aka ba shi mace ce mai gaskiya, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce hanya ɗaya ce mai kyau: mai bindigar ya zo ya rantse cewa shi ya sa ta a jaka, ƙaninsa bai sani ba. Amma in ya zo, shi ma za a iya tuhumarsa da shigo da ita jihar. In kuwa maigidana ya amsa laifi don a rage masa hukunci, ta ce ya sani katinsa na zama ƙasa zai iya tafiya, kuma za a iya mayar da shi gida. Sau biyu ta maimaita wannan tana kallon idonsa.

Aka kira taron dangi a falonmu. Kawu ya zauna a kujera, maigidana a ƙasa kansa sunkuye, aka ajiye waya a tsakiya an buɗe murya, Yaya na can Greensboro yana sauraro. Ni aka ce in zauna ɗaki. Abin da na ji Kawu na faɗi shi ya fi ƙona mini rai, don shi ne wanda ya san dokar tun farko. Ya ce Yaya ne ginshiƙin gida, shi ke riƙe da tsohuwa da marayun dangi a Maraɗi, yana da iyali da yawa da shaguna. In aka ɗaure shi kowa ya faɗi. Ƙarami kuwa tebur ɗaya gare shi da ɗiya ɗaya, za a riƙe masa su har ya fito. Ya ce zancen korar nan tsoratarwar lauyoyi ce kawai.

Ban taɓa ɗaga murya gaban Kawu ba, amma ranar na fito da goyona. Na ce, "Kawu, ku gafarce ni. Shi ya zo da ita, shi ya ɓoye ta, shi ya ce ya ba wani ajiya, shi ya miƙa makulli. Mi mijina ya yi?"

Kawu ya ce, "Ke ɗiyata, koma ciki. Mai jego ba ta shiga maganar maza."

Na ce, "Mai jegon ce za a bari da jinjira. Yaya, kana jina? Ka zo ka faɗi gaskiya."

Sai muryar Yaya ta fito daga wayar, a natse, babu ko ɗigon kunya: "Ni na ce mishi ya bar hular kwano? Da ya sa ta, wa zai tsai da shi?"

Wallahi da a gabana yake ban san abin da zan yi ba. Na juya ga maigidana ina jiran ya ce wani abu, ko kalma ɗaya. Hawaye na zuba a kan rigarsa, amma abin da ya ce shi ne, "Ki yi haƙuri. Yayana ne. Ba zan iya kai shi gaban alƙali ba." Na yi masa kuka, na yi masa faɗa, na ɗora masa ɗiyarsa a cinya na ce ya dube ta. Ya dube ta, ya kuma tafi kotu ya ce ya san da bindigar. Ina son mutumin nan har gobe, amma wannan ƙaryar da ya yi wa kansa ban gama yafe masa ita ba.

Ya yi zamansa na gidan yari. Ranar da ya kamata ya fito na yi girki, na yi wa yarinya kitso, lokacin har ta fara gudu. Bai iso ba. Jami'an shige da fice ne suka karɓe shi tun daga ƙofa, kamar yadda lauya ta faɗa, bayan wasu watanni aka sa shi jirgi zuwa Yamai. Waɗanda suka ce za su riƙe mu sun riƙe mu na ɗan lokaci, sannan kowa ya koma harkarsa. Na shiga aikin kula da tsofaffi, da shi na reni yarinyar. Ubanta kuwa a fuskar waya ta san shi. Yana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, wani lokaci layi ya yanke suna tsakiyar dariya.

Yaya yana nan lafiya lau. In ya zo biki Harlem a sahun gaba ake zaunar da shi, ana yi masa kirarin mai riƙon zumunci. Ni ce har yau wasu ke nunawa da baki, wai matar da ta so a ɗaure wan mijinta. In an sake tayar da gardamar a fili ko a ɓoye a gabana, amsata ɗaya ce: da ya bar ta a ƙugunsa inda kowa ke gani, da shi za a kama, kuma da daidai ne. Ba daga 'yan sanda ya ɓoye ta ba, daga ɗan'uwansa ya ɓoye ta.

Abin da na koya shi ne girmama na gaba yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce inda aka ce ka ɗauki laifin da ba naka ba. Na koya wa ɗiyata ta durƙusa ta gaida manya, ta karɓi abu da hannu biyu, kada ta katse babba in yana magana. Amma na kuma gaya mata, duk ranar da wani ya ce ta amsa laifinsa don ya girme ta ko don ya taɓa yi mata alheri, ta dube shi ta ce a'a da babbar murya, ko da ni ce uwarta.