Murfin Kwalbar Baba Labo

Duk yarinyar da ta ratsa ajin Malama Tani a Malumfashi ta san abu biyu game da ita: ba ta makara, kuma ba ta shiga aji hannu rabbana. Yau ta zo da ƙullin kanwa, gobe da tsamiya, jibi da toka a gwangwani. Shekara goma sha huɗu ke nan tana koyar da kemistiri, ilimin sinadarai, kuma har yau ba a ga ɗalibar da ta isa ta yi gyangyaɗi a gabanta ba. Gajeruwa ce, amma muryarta na kaiwa aji na uku.

A wata 'yar unguwa ta bayan Kafur aka haife ta, a gidan Labo, manomin da har gobe yake yanka jan zakara a gindin tsamiyar gidansu kafin ya taɓa gona. Mahaifiyarta, Inna Kulu, mai dafa burukutu ce da daddawa. Tani kan gaya wa ɗalibanta cewa ta gama da manyan rassan kemistiri tun kafin ta sa takalmi. Reshen da ke nazarin sinadaran jikin tsiro da dabba yana cikin tukunyar giyar Inna. Na gishiri da ma'adinai yana cikin ƙullin kanwa. Wanda ke tambayar me ya sa giya ke saurin tashi da bazara ta yi nawa da sanyi, shi ma yana nan bakin murhu. Amma wanda ya kama zuciyarta shi ne na awo, mai tambaya ɗaya tak: nawa ne a ciki?

Labo bai hana ta boko ba, bai kuma taɓa ɗaukarsa da nauyi ba. Idan ta zo gida yakan ce, "Ga Malama ta iso, a kawar da kaji kada ta koyar da su." Tana dariya, amma abin na sosa mata rai. Ta koyar da 'ya'yan mutane fiye da dubu, ubanta kuwa bai taɓa tambayarta ko da ranar da ruwa zai sauka ba.

A daminar bara waccan, wata Asabar, ta sauka daga acaɓa ta tarar da buhunan taki shida jingine da rumbu, wanta Ayuba na zaune a kan ɗaya ya zuba tagumi. Masarar gandu, wadda bakin mutum goma sha tara ke jira daga kaka zuwa kaka, ta kai gwiwa, lokacin taki na biyu ya yi. Labo kuwa tun da takin zamani ya shigo ƙasar bai san wani ba sai kamfa. Awonsa ma ɗaya ne, wani tsohon murfin kwalbar lemo da yake ajiyewa a aljihun taguwa, murfi uku a gindin kowace masara. Da shi ake gwada wa kowa kafin a shiga gona, kuma a gandu maigida ne ke yanke awo, ba a tanka masa. To, a wannan shekarar Ayuba ya zagaye Funtua da Bakori bai sami kamfa ba, sai ya dawo da yuriya.

"Baba ya ɗiba ya jijjiga a tafin hannu," in ji Ayuba. "Ya ce wannan farin abu ba shi da nauyi, kamar gishirin miya. Wai murfi huɗu za a zuba, a cike gurbin. Gobe da safe."

Tani ta dubi buhunan. Kwana biyar ba a yi ruwa ba, ƙasa ta fara bushewa. Murfi huɗu na yuriya a jikin kara cikin irin wannan yanayi, ai wuta ce za a kunna wa gonar da hannu. Ta ce, "Yaya, ka gaya masa kuwa?"

"Na gaya masa. Ya tambaye ni wa ya haifi wani tsakanin ni da shi."

Ta iske Labo a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta yi kuskuren da malamai suka saba yi: ta mai da zaure aji. Ta ce masa abin da masara ke ci a cikin taki sunansa naitirojin. Ta ce ƙwayoyin sinadari sun yi ƙanƙanta ƙwarai, ido ba ya ganinsu balle hannu ya ƙirga, shi ya sa masana suka ware wani adadi, shida mai sifili ashirin da uku a bayanta, suka kira shi mol, kamar yadda 'yan kasuwa ke cewa dozin. Mol ɗaya na yuriya giram sittin ne, kuma ashirin da takwas daga ciki naitirojin ne zalla, kusan rabi. Kamfa kuwa sha biyar ne kawai cikin ɗari.

Labo ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai haƙuri da yara. Sannan ya ce, "Tani, wannan abu mai sifili ashirin da uku, wa ya zauna ya ƙirga shi?"

"Ba a ƙirgawa, Baba. Aunawa ake yi."

"To, ni ma aunawa na yi. Hannuna ya ce ba shi da nauyi." Ya koma kan fartanyarsa.

Ta fito. Haushin kanta ta ji fiye da nasa. Ta san gaskiya ce a bakinta, ko shakka babu, amma gaskiyar da ta tsaya a zaure ba za ta hana masara ƙonewa ba. Ta zauna kusa da Inna Kulu da ke bakace gero a tsakar gida, tana kallon ƙwayoyin na zuba a faifai. Can sai ta miƙe, ta damƙi gero a hannun dama, masara a hagu, ta koma.

"Baba, ku ara mini murfinku."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya miƙo. Ta cika shi da masara ta juye a tabarma, ta sake cika shi da gero ta juye a gefe.

"Wanne ya fi nauyi a hannu?"

Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. "Duk tafiyarsu ɗaya."

"Tiya guda ta irin masara, daga ina zuwa ina take shuka muku?"

Nan fa aka zo fagensa. Ya ajiye fartanya ya ce daga tsamiya zuwa bakin kwari, in mai shukar ba almubazzari ba ne.

"Tiya guda ta gero fa?"

"Ke ma kin sani. Ta shuka wannan gona, ta haye ta maƙwabcinmu Mati, ta yi saura."

"Kun taɓa zama kun ƙirga ƙwayoyin da ke cikin tiyar?"

"Mahaukaci ne ni?"

"Amma kun san abin da ke ciki. To, Baba, kamfa masara ce, yuriya gero. Murfi ɗaya ne, nauyin ma har gara na kamfa, amma abincin da ke cikin na yuriya ya ninka fiye da sau biyu. Za ku zuba murfi huɗu na gero a rami ɗaya?"

Labo ya sa yatsa yana tura ƙwayoyin masarar, guda tara ne. Ya matsa ga na geron, ya fara ja ɗaya-ɗaya, ya kai wajen talatin tarin bai ko girgiza ba, sai ya bari. Ya ce, "Je ki, uwarki na nemanki."

Da safe mutanen gandu suka taru a bakin gona da ƙorai. Labo ya zaro murfin, ya cika shi sau ɗaya, ya ɗaga kowa ya gani. Ya ce murfi ɗaya, a tona nesa da kara da faɗin tafin hannu, a rufe da ƙasa. Ayuba ya saci kallon ƙanwarsa. Amma Labo Labo ne. Ya nuna kunyoyi biyu na can gefen hanya ya ce kada kowa ya taɓa masa su, shi zai zuba musu huɗunsa da hannunsa, ya ga iyakar ƙaryar boko. Tani ta ƙyale shi. Kunyoyi biyu ba za su kashe gida ba.

Ruwa bai sauka ba sai bayan kwana shida. Bayan mako biyu, ranar Asabar, tun daga kan acaɓa Tani ta hango kunyoyin. Gona ta yi kore shar har tana baƙi-baƙi, kunyoyi biyun nan kuwa ganyensu ya nannaɗe ya yi ja, kamar an bi su da bakin wuta. Ta yi zaton za ta ji daɗi. Tausayin tsohon ne ya kama ta, don a gefen hanya suke, duk mai zuwa kasuwar Kafur sai ya gani.

Ayuba ya nemi ya tuge su ya shuka wake a wurin, Labo ya hana. Haka suka tsaya a bushe har kaka, aka cika rumbu uku aka bar su a tsaye. Ranar da ake kwasar masarar ƙarshe, maƙwabcinsu Mati ya tsaya da kekensa yana dariya, ya ce, "Labo, wace annoba ce ta zaɓi kunyoyi biyu ta bar saura?"

Tani na tsugune tana ɗaure bakin buhu, ta sunkuyar da kai don kada ta ga fuskar ubanta. Sai ta ji muryarsa, da ƙarfi, yadda har matan da ke can ƙarshen gona za su ji.

"Waɗannan biyun ni na noma su. Sauran duk na ɗiyata Tani ne."

Ta ci gaba da ɗaure buhun, igiyar na kuɓuce mata, don idonta ya cika da ƙwalla ba ta ganin ƙullin.