Cokali Ɗaya a Kowace Tashar Ruwa

Shekara uku na yi ina kula da wani tsoho Bafaranshe a Alexandria ta ƙasar Amurka, can hawa na tara na wani bene. Daga garin Lanham nake tasowa, bas ɗaya, jirgin ƙasa biyu. An ɗauke ni ne saboda Turanci ya fara zubewa daga kansa, sai Faransancin ƙuruciya ya rage masa, ni kuwa ina da ɗan abin da na tsinta a karatun manya a Maraɗi.

Damuwarsa abinci. Ba ya ci. Kowace Talata nas takan zo ta ɗora shi a sikeli, 'yarsa kuma ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in ya ci gaba da ramewa, gidan tsofaffi za ta kai shi. Shi kuwa ya taɓa riƙe mini hannu ya ce kada in bari a fitar da shi daga ɗakin da matarsa ta rasu. Na ce to. Sai daga baya na san nauyin wannan to ɗin.

Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki, labarin wani jirgin ruwan yaƙi na Faransa, na zamanin da, wanda kakan babansa ya yi aikin zuba kwal a wutarsa. An ƙera shi lokacin da ba a gama yarda da tururi ba, sai aka haɗa masa inji da kuma manyan zannuwan nan da iska ke turawa. Ya harba igwa, ya kwashi sojoji, ya bi gaɓar Afirka. Da ya tsufa aka kwance masa igwogin, ya koma ɗan aike, daga wasiƙu sai buhunan gari. Ƙarshe hadari ya maka shi kan duwatsu. Mutanen suka fita a kwale-kwale, suna kallo ya rabe biyu.

Na lura muddin jirgin na tafiya, tsohon na haɗiya bai ma sani ba. Da ya hau duwatsun nan, bakin ya rufe ke nan sai gobe. Don haka aikina ya koma jinkirta jirgi. Duk tashar da ya tsaya, in ɗaga cokali.

"Baba, da suka iso Dakar me suka saya?"

"Na gaya miki jiya."

"Na manta. Kan tsohuwa ne."

"Ke 'yar hamada, me kika sani game da teku? Kin taɓa ganin ruwan da ya wuce bokiti?"

"Teku kam ban sani ba, amma na san ciki. Buɗe baki."

Sai ya yi dariya, lomar dankali ta wuce. Wata rana sai na tambayi yadda suke wanki a ciki, wata rana wa ke yi musu aski. Abincin rana kaɗai yakan ci mana awa biyu a haka, ina durƙushe gefen kujera, bayana kamar zai tsage. Na san cikin jirgin nan fiye da gidan da nake haya.

A shekara ta uku maganar ma ta fara yanke masa. Akwai wani ɗan littafi da danginsa suka rubuta labarin, sai ya zama ni ke karanta masa. Karatuna na yatsa ne, kalma kalma, kuma hakan ya yi mini rana, don jirgin bai taɓa tafiyar hawainiya irin wannan ba. In na hango shafin hadarin, sai in juya a hankali in koma farko. Na ɗauka ba ya ganewa.

Ran nan ya ɗora hannu a kan shafin.

"Kin tsallake."

"Ban tsallake ba, Baba."

"Mako nawa kina zagaye da shi. Mutanen nan sun gaji, Madam. Kwal ya ƙare. Bar shi ya isa."

Na dubi kwanon, ko rabi bai ci ba. Na dubi fuskarsa, ban ga ruɗewa a ciki ba ko kaɗan. Na karanta masa, har inda mutanen suka tsaya a gaɓa jiƙe sharkaf. Ya lumshe ido ya ce ya gode. Daga ranar bai ƙara neman labarin ba. In na ɗauko shi sai ya kau da kai. Na gwada kunu, na gwada romo, na gwada lallashi har da hawaye.

Talata biyu aka yi, nas ta kira 'yarsa a gabana. Ni na ninke masa kayansa a akwati. Da za a tura shi a keken guragu zuwa lif, na'urar sauka daga bene, na sunkuya na ce, "Baba, ka yafe mini, ban iya ba." Ya ɗan bubbuga mini hannu.

Na miƙa makulli na sauko. A tasha na zauna kan benci, jirgin ƙasa biyu suka zo suka wuce ban tashi ba.