Sawun da Rahamatu ta kwasa

Kowa a arewacin Tawa, wajen hanyar Affala, ya san Rahamatu mai gabu. A Affala aka haife ta, aure ya kawo ta birni, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda da turmi. Da ganyen albasa ta rayu: ta daka, ta dunƙula, ta shanya, ranar kasuwa ta kai. Ba ta da yawan magana, kuma in ka yi wa kayanta tayin raini sai ta rufe ƙwarya ta kalli wani gefe har ka gaji ka wuce.

Ɗan nata, Almustafa, ya tafi biɗar kuɗi Abijan kamar sauran samarin Adar. Ranar tafiyar ta yi abin da uwarta ta koya mata. Ta sa ya fita ƙofa ba takalmi, ta duƙa ta kwashe ƙasar da ƙafarsa ta dama ta taka, ta zuba a rami bakin ƙofa, ta ɗora faffaɗan dutse. Tsofaffi suna cewa muddin ƙasar sawun mutum tana gida, ƙafarsa ba ta barinsa ya zauna wani gari. Malamai sun hana, ta ji, ta yi gum. Shekarar farko ya aiko da gaisuwa, daga nan ɗif. Abokansa suka je suka dawo, suka yi aure, furfura ta fito musu. Duk wanda ya soma yi mata maganar haƙuri sai ta ce, "Shina nan tahe," ta ci gaba da daka.

Sai ga zancen jirgin ƙasa, a garin da bai taɓa ganin dogo ba. Wasu mutane masu hular kwano suka zo suka yi awo, suka dasa duwatsun siminti masu jan fenti, suka ce nan za a gina tasha. Ko ƙusa ba a kafa ba unguwa ta ci suna Gar, wato tasha da Faransanci. Masu son banza suka jera shaguna a bakin filin, ba mai saye ba mai sayarwa. Aka ba mutanen cikin awon filaye can hanyar Kalfu, suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire ƙyaurensa ya tafi da shi. In ka ratsa unguwar da tsakar rana, ɗakuna buɗe suke kallonka, ba ka jin komai sai takunka.

Rahamatu ce ta rage. Ba ginin take ji ba, ginin me, laka ce da ta sha ruwa ta gaji. "In ya zo, ina za shi?" shi ne abin da take tambayar maƙwabciyarta Raƙiya, wadda ta riga ta koma hanyar Kalfu. Raƙiya ta ce, "Ke dai ki kwashe ƙasar ki tahi da ita, ya bi ki can."

Ranar tashi ta raka amalanken kaya, bayan azahar ta dawo ita kaɗai ɗaukar ƙasar. Ta tarar an ture dutsen gefe, an dasa na siminti kusa da wurin. A cikin ramin kuwa ga sawu, ƙafar dama, ba takalmi, yatsu biyar rangaɗau, ƙasar da danshi. Ta waiga, ba kowa. A zuciyarta alama ce aka nuna mata, ɗanta ya kamo hanya. Da ta leƙa bayan katanga da ta ga buta da wani leburan masu awo yana salla, amma mai murna ba ta leƙe-leƙe. Ta kwashe komai a ɗankwali, ta binne a bakin sabuwar ƙofa, ta ɗora dutse.

Bayan damina aikin ya tsaya. Kamfanin ya kwashe ya-nasa-ya-nasa, ciyawa ta rufe duwatsun.

Wata rana, rana tana tsaka, inuwar mutum ta faɗo cikin gidan Rahamatu. Ta saki taɓarya ta fito. Wani magidanci ne, baƙo, tsaye daidai kan dutsen.

Ta ce, "Wa kake biɗa?"

Ya ce, "Wallahi, Inna, ban sani ba."

Ta ba shi ruwa ya sha ya tafi. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Kullum rana tsaka, kullum kan dutsen, ya tsaya yana kallon ƙasa kamar wanda aka aika ya manta saƙon. Yana ramewa tana gani. Tsoro ya kama ta har ta daina fita tsakar gida in rana ta take. Da abin ya ishe ta sai ta shimfiɗa masa tabarma ta ce ya faɗa mata ko shi wane ne.

Sunansa Attahir, mutumin Maraɗi, yana da mata da 'ya'ya a can. Da aiki ya tsaya ya shiga mota da abokansa, a Badagishiri ya sauka ba dalili. Karo na biyu ya daure har Madawa, ya dawo a bayan motar albasa yana kuka. Ya nuna mata tafin ƙafarsa na dama. "Nan ke ci mini kamar garwashi, sai na tsaya wurin nan yake lafawa. Na je asibiti, na sha rubutu, ba abin da ya yi."

Ta tambaye shi a hankali ko ya taɓa cire takalmi a tsohon gidanta na Gar. Ya ce ya yi alwala a wata ƙofa ranar da suka dasa dutse na ƙarshe.

Rahamatu ta ce, "In da nisa ne hwa? In da kana bayan teku?"

"Inna, da rarrafe ne sai na zo. Ba mai numfashin da zai iya daure wannan abu ko wata ɗaya."

Bai san abin da ya faɗa mata ba, bawan Allah. Ta ce ya ɗaga dutsen. Ta tone ƙasar da hannunta, tasa da ta Almustafa, sun riga sun gauraya babu mai raba su. Ta fita bakin hanya ta watsar. Attahir ya taka ƙafarsa, ya sake takawa, ya dube ta.

Ta ce, "Tahi gida, ɗiyanka na jiranka."

Da ya ɓace mata, ta leƙa katangar Raƙiya ta ce a gaya wa liman da mutanen Affala, gobe da safe a zo a yi wa Almustafa addu'a. Ta koma ɗaki ta fito da tabarmin zaman makoki.