Ƙurjin Leɓen Usta Shahata

Shekara ashirin da biyu ina suyar ƙosai a wannan lungu namu na garin Suwais mai tashar jiragen ruwa, shagon gugar Usta Shahata kuwa yana kallon kaskona, don haka ba mai ba ni labarinsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, a hannun ubansa ya gaji guga, ana ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Ba ruwansa da kwalbar feshi irin ta 'yan zamani. Baki yake cikawa da ruwa ya fesa wa riga, lufluf kamar yayyafi, sannan ya ɗora dutse. Bai taɓa ƙona wa kowa riga ba, bai taɓa ɓatar da ko hankici ba. Aibinsa ɗaya ne, kishi, kuma na tsiya.

Matarsa Atiyat takan sauko masa da shayi kullum da hantsi, ta ɗan tsaya a bakin shago mu gaisa. Shi kuwa hannunsa na kan riga, idonsa na kan duk namijin da ya gifta. Kowa a lungun ya san Garib ma'aikacin jirgin ruwa ne ya fara neman aurenta, ubanta ya hana don ba ya son surukin da ke shekara a teku. An yi shekara goma sha tara, an haifi 'ya'ya uku, amma ko sunan Garib aka ambata sai ka ga jijiyar wuyan Shahata ta tashi.

Bazarar bana sai ga Garib ya dawo hutu, ya yi tumbi, ya yi sanƙo, ya rungumo riguna ya zube a shagon. Korar mai kawo aiki a gaban jama'a tonon asirin kai ne, dole Shahata ya karɓa. Garib ya zauna a benci, ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayin Shahata ya kurɓa, yadda maza suka saba yi a tsakaninsu.

"Kai Usta, shayin gidanka ya fi na jirgi sau dubu," in ji shi.

Don kada a ce ya ji haushi, Shahata ya ɗauki kofin ya shanye ragowar, yana murmushin dole.

Bayan kwana huɗu ƙurji ya fito masa a leɓe, ɗan mitsitsi mai ruwa. A gidan gahawa dama ba a rasa masu tsegumi kan ciwon da ma'aikatan jirgi ke kwasowa daga tashoshin duniya. Shahata ya buɗe waya ya kalli hotunan ciwon har hankalinsa ya tashi. Da safe ya tsallako wurina, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya Zakiyya, don Allah, tunjere yana kama mutum ta kofi?"

"Haba Usta! Ƙurjin zazzaɓi ne, jikata ma ta yi shi. In ya dame ka je likita ta duba."

"In je in ce me? Mai rubuta suna a asibitin ƙanwar matar ƙanena ce."

Bai je ba. Sai ya sayo kwalbar feshi, wai kada ya fesa wa mutane cuta a riga, har masu kawo aiki suna yi masa ba'a cewa tsufa ya cinye masa numfashi. A gida ya ware kofinsa da cokalinsa da tawul, ya koma kwana a falo yana cewa zafi ne. Zan yi masa shaida a nan, don tsoron kada ya sa mata ya yi haka. Ya rame, yana ta latsa wuya yana neman kumburi, kuma duk sanda Garib ya wuce fes da shi cikin rigar da ya goge masa, sai ya bi shi da harara.

Ana cikin mako na uku Atiyat ta yi mura da zazzaɓi. Ranar da ta warware ta sauko da shayi, ga ƙurji a leɓenta, irin nasa sak. Ina kallo Shahata ya ajiye dutsen guga.

"Mene ne wannan a bakinki?"

"Irin naka ne, Abu Wa'il," ta ce tana dariya, don da sunan babban ɗansu take kiransa. "Ko ciwo sai mun yi tarayya."

"Mako uku ban sha a kofinki ba, ban taɓa ki ba. A ina kika samo?"

"A ina na samo me?"

"Inda na samo nawa. Ni kofi ɗaya muka sha da shi. Ke me kika yi da Garib?"

Mai biredin lungunmu yana tsaye, ga mata biyu da ke jiran ƙosai, ga ni. Wallahi na so in kwaɗa masa matsamin da ke hannuna. Atiyat ba ta yi kuka ba. Ta ajiye farantin a hankali, ta gyara mayafi.

"Rufe shagon. Yaya Zakiyya, ke kika ji farko, zo ki ji ƙarshe."

Na raka su asibiti. Likitar ta duba su biyun, ta ce wannan ƙurji rabin garin na ɗauke da ƙwayarsa tun yarinta, zazzaɓi ko rana ko damuwa ke tayar da shi, kuma tunjere ba ya bin kofin shayi. Atiyat ta dage sai an ɗebi jininsu. Bayan kwana biyu takarda ta fito, dukansu lafiya lau. Shahata ya sumbaci kanta yana hawaye yana roƙo.

"A titi ka ɓata sunan mutum biyu," ta ce. "Je ka nemi gafarar ɗayan a gaban maza."

Ya tafi. Mai biredi ne ya kawo mini labarin. Shahata ya tsaya a tsakiyar gidan gahawa ya ce ya zargi Garib da Atiyat, kuma ƙarya ya yi, a yafe masa. Garib ya cire bututun shisha daga baki ya ce:

"Wace Atiyat kuma? Au, 'yar marigayi mai kifi? Ashe ita ce matarka, Usta?"

Ka ji mutum! Maimakon Shahata ya ji sanyi, sai ya dawo yana huci, wai wane irin banza ne zai manta da mace kamar Atiyat. A bakin kaskona ya same ta, ya kwashe duka ya faɗa mata, yana tsammanin za ta yi dariya.

Ta dube shi ta ce, "Shi ya manta da ni tun tuni, ni ma haka. Kai ne ka ajiye mana shi a gida shekara goma sha tara."

Washegari ta ɗauki 'yar autarsu ta tafi gidan yayanta a Isma'iliyya. Wata na biyar ke nan. Duk Juma'a Shahata yakan goge farar rigarsa ya hau mota ya tafi biko, ya dawo bayan la'asar shi kaɗai.