Hannun Yayana da Ƙwallon 'Yan Hular Kwano

A shekarar da sojoji suka koma bariki, babu wanda kakarsa ta yanke saƙa a Katsina kamar masu aikin babbar riga. Duk wanda ya ci kansila gani yake bai cika mutum ba sai da aska takwas a ƙirji. Yayana kuwa sana'arsa ke nan, ɗinkin hannu, a wani ɗan shago a Ƙofar Kwaya. Ana tsakar wannan kasuwa ɗan acaɓa ya kayar da shi, ya karye a wuyan hannun dama.

Maɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya kama. Amma da aka kwance karan ɗori sai babban yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko allura ba ya iya ɗauka daga kan tabarma. Maɗorin ya ce a riƙa shafa man shanu, a kuma motsa yatsan kullum, in ba haka ba a sandare zai zauna. Man shanu kam mahaifiyarmu, Inna, ta tsare shi safe da yamma. Motsawar ce Yaya ya ƙi. Mutum ne mai zuciya. In ya gwada sau ɗaya ya kasa, sai ya cusa hannun a aljihu ya yini a haka. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban san Yaya ba tare da allura ba.

Ni a lokacin zaman jiran sakamakon jarrabawa nake, ba aikin fari ba na baƙi. Wani abokina mai shagon gyam, irin wasan da ake jonawa a talabijin, a Ƙofar Durɓi ya ba ni tsohuwar na'ura da wani kaset da ya rasa mai so.

"Tahi da shi," ya ce. "Ko kyauta na sa, ba mai taɓawa."

Ƙwallon ɗaliban jami'o'in Amurka ne, wanda ake rungumar ƙwallo a sheƙa da gudu, kowa da hular kwano a ka. Aibinsa ba ya ɓuya. 'Yan wasan duk kama ɗaya, kamar an buga su a injin bulo. Mai sharhin kuwa magana uku ya iya, yana ta maimaitawa har ta gundure ka, kuma duk wanda ya ci sai 'yan badujala su kaɗa kiɗa iri ɗaya. In wuta ta ɗauke, komai ka tara ya tafi. Ga na'urar ba ta koyon darasi: akwai wata doguwar jifa ta gefen hagu, ko sau ɗari ka yi mata sai ta faɗa tarkon.

Amma ba zan ci amanarsa ba, wasan yana da haƙuri. Duk lokacin da aka kayar da mai ƙwallo sai komai ya tsaya, a jera maka dabaru ka zaɓa a tsanake. Kuma jifa da gudu da kaucewa duk a ƙarƙashin babban yatsan dama suke. Abin da ya sa ke nan na jona shi a talabijin ɗin ɗakin Yaya.

"Mi ye wannan kuma?" ya ce. "Ƙarti na kokawa a kan gwanda?"

Ya yi tsaki, amma zaman banza ya ishe shi, sai ya karɓa.

A nan na tafka kuskurena. A gidanmu ƙane ba ya cin yayansa, ko a dara ko a musu. Haka aka rene mu. Don haka na riƙa sakar masa hanya, mutanena suna zubewa tun kafin a taɓa su. Kusan mako uku yana cina yana dariya, ni ina murna wai na samo magani. Alhali da gefen hannu yake danna maɓallan a hankali, yatsan yana kwance abinsa. Ina gani, amma kunya ta hana ni matsa masa.

Wata ranar bayan la'asar Inna ta aike ni. Da na dawo na tarar ya kunna shi kaɗai yana karawa da na'ura, ita kuwa ba ta san babba da yaro ba, ta yi masa dukan kawo wuƙa.

"Zauna," ya ce. "Na sha ganin kana lallasa abin nan. Shi ya lallasa ni. Ni kuma kullum ina cin ka. Hwaɗa mani yadda aka yi."

"Sa'a ce, Yaya."

"Tausayina kake ji? Har na zama abin tausayi a wurinka?"

Ya miƙo mini abin dannawa ya ce in na sake bar masa ko taki ɗaya, da hannunsa zai jefa na'urar a rijiya.

To, umarnin babba ne. Na ci shi ranar, na ci shi washegari, na yi ta cinsa fiye da kwana goma. Gefen hannu ba ya saurin da ake bukata, dole ya fara tura yatsan. Yana cije leɓe, gumi na karyo masa, wani lokacin har idonsa ya kawo ruwa don zafi. Raina ba ya so, amma ban sassauta ba.

Rannan da hantsi ya kusa kai ni ƙasa. Saura daƙiƙa kaɗan yana gaba, sai na tuna da doguwar jifar hagu. Na sake ta, ta shiga. Daɗi ya ɗebe ni na manta da wa nake zaune, na miƙe ina kwaikwayon badujalar da baki a gabansa. Ban ankara ba ya damƙo kunnena ya murɗe.

Na ƙwalla ƙara. Sai kuma muka lura mu biyu cewa hannun dama ne, kuma tsakanin babban yatsa da manuni ya matse kunnen.

Inna ta faɗo ɗakin da ludayi a hannu. "Lahiya? Mi ya hwaru?"

"Inna, da zafi!" na ce, hawaye na zuba ina dariya. "Wallahi da zafi!"

Ta dubi hannun, ta dubi fuskar Yaya, ta jingina da bango tana ta alhamdulillahi. Shi kuwa bai saki ba.

"Tsaya tukun," ya ce. "Bari in ƙara murɗawa in tabbatar."